Ginshiƙin da Ya Ƙosa

Montbrac, ƙarshen Agusta

'Yar uwata Maylis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da littattafanki da ruwan saman Lille. Ni lafiya lau, in ban da kai da ya ɗan bugu. Mama ma lafiya, gwiwa ce kawai ke damunta, ita kuma ta ce ba gwiwar ba ce, matakalar gidan ce ta ƙara tsawo.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. A wasan gwaji na makon jiya goshina ya gamu da gwiwar wani, likita ya hana ni kallon waya da talabijin har sai kan ya daina juyawa. Mutum mai kilo ɗari da ashirin a ɗaki mai duhu, ba abin yi, sai ya tuna yana da dangi. Mama ce ta ba ni adireshinki. Ta ce in tuna miki kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, don haka ba ki da ikon ƙin amsawa. Rabona da ke tun jana'izar kakarki, ranar da kika dube ni a ƙofar coci kika ce wuyana ya fi kaina faɗi, kuma wannan abin sha'awa ne ga kimiyya.

To, ga kimiyya ta samu. A cikin ambulan ɗin wasiƙar nan akwai hoton da injin auna ƙashi da tsoka na kulob ya ɗauke ni, da takardar lambobinsa. Sau uku suke kwantar da mu a kansa kowace kakar wasa: yanzu, da Disamba, da Mayu. An ce ke ma irin injin nan kike aiki da shi a jami'a, har 'yan zari-ruga ɗaruruwa sun kwanta a gabanki. Mama ba ta son yadda maganar ke fita, amma tana alfahari.

Ga damuwata. Kwantiragina zai ƙare a Yuni, shekarata talatin da uku, kuma ginshiƙin dama irina, mai tokare turereniya daga gaba, ba ya tsufa a hankali, rana ɗaya yake rushewa. Likitan kulob mutumin kirki ne, amma albashinsa a hannunsu yake, duk abin da na tambaye shi sai ya ce komai daidai. Ni kuwa ina son shekara ɗaya ko biyu nan gaba. Ban iya komai ba sai turi. Ki duba min ki gaya min gaskiya, ko akwai sauran wasa a jikin nan ko babu. Abin da kika ce shi zan ɗauka.

Ɗan uwanki,
Aubin

Lille, Satumba

Bijimin danginmu,

Na samu wasiƙarka, na kuma gaishe ka da jinya. Ina lafiya. Ɗalibai sun dawo da tarinsu, sun raba mana kowa ya samu. Ka gaida mamarka, Tati Josette, ka ce mata na amsa ne don tsoron kakanninmu, ba don kai ba.

Na jingina hotonka a gilashin taga, inda haske ke ratsa shi. Ka san wannan ne karo na farko da na ga ɗan uwana daga ciki? Ga ka kwance, fari-fari cikin toka, hannuwa a gefe kamar yaron da aka ce kada ya motsa. Babu kunnuwan nan naka da suka koma kamar ɗanyen kabeji, babu gemu. Har ka yi kyau.

Ka ɗauki jikinka gida ne mai 'yan haya. Ƙashi ne mai gidan, tsoho ne, ba ya son surutu, amma duk dukan da aka yi wa bango yana ƙara masa siminti. Tsoka kuwa ɗan haya ne mai tsada da saurin fushi, kwana biyu ba a kula shi ba ya fara haɗa kaya. Sai kitse, wanda ɗan uwa ne da ya zo kwana biyu tun shekarar da kuka yi bikin 'yar uwarmu Paulette, har yau yana nan, kuma duk ɗakin da aka bari shi yake shiga. Kada ka raina shi, a turereniya yana biyan kuɗin abincinsa.

Hoton Agusta shi ne hoton aurenka: ba za ka ƙara yin kyau haka ba sai baɗi. Kun yi bazara kuna ɗaga ƙarfe kuna barci kamar jarirai. Daga yanzu kowace Asabar za a daka ku, Lahadi da Litinin jiki na ɗinkin abin da ya yage, Alhamis an fara tattalin ku saboda wata Asabar ɗin. Ina lokacin ƙarfe? Sai tsoka ta riƙa zurarewa kaɗan-kaɗan, kitse yana maye gurbinta, musamman a wurinku 'yan gaba. Sikeli ba zai ce uffan ba. Maƙaryaci ne mai fuskar alƙali: zai yi ta cewa ɗari da ashirin har Mayu, alhali an sauya rabin kayan ɗakin. Wannan kowa haka yake, har yara 'yan ashirin.

Amsar tambayarka kuwa, hoto ɗaya ba ya ba da labari. Ka turo na Disamba in ga inda ruwan ya nufa.

Jiya da na daɗe ina kallonka a taga, sai na tuna bazarar da aka kai ni gonarku don in yi kumari. Ina 'yar sha biyar, ina karatu a ƙarƙashin ɓauren bayan rumbu, ina jin haushin ƙudaje da duniya baki ɗaya. Kai kana ɗan bakwai. Ka zo ka sa kafaɗa a jikin rumbun masara kana turawa, fuska ja wur. Na ce me kake yi, ka ce yana tare wa agwagi rana. Wani lokaci nakan ga kamar duk yinin nan bai ƙare ba, masara tana nan tana kaɗawa har bakin kogin Adour, kai kuma kana nan kana turi, sai dai an kawo mutane dubu goma sha biyar su kalle ka.

Ka kiyaye kan. Ƙarami ne, amma shi kaɗai gare ka.

Maylis

Montbrac, tsakiyar Disamba

Madam Farfesa,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun. Ina fatan tarin ya sake ki. Kaina ya warke tun tuni, an maido min da waya, amma na ga rubutu ya fi min. In na kira ki za ki katse ni da baƙar magana kafin in kai ƙarshen jimla. Kafaɗar dama tana ciwo, yatsu biyu an ɗaure su tare, wato dai lafiya. Mama ta fara yi wa agwagi ɗurar masara don hantarsu ta yi kitse, ba ta da lokacin kowa sai an wuce Kirsimeti.

Maganarki ta fito. Sikeli bai motsa ba, amma wando ya matse ni a ƙugu, riga kuma ta yi min yawa a kafaɗa. Kamar wani ne ya shigo da dare ya sauke ni hawa ɗaya.

Muna da wata mai kula da abinci, Madam Vidal, da ke auna mana shinkafa kamar zinariya. Mama kuwa ta aiko da kwalabe shida na cinyoyin agwagwa cikin mansu. Muka ɓoye su a ɗakin wanki, ni da Lulu mai lamba biyu da Tevita ginshiƙin hagu. Ranar Talata muna tsakiyar ci da burodi sai ga ta a bakin ƙofa, ta kira ni da sunan gidanmu.

"Dartigue, mene ne wannan?"

Lulu ya ce, "Magani ne, Madam. Na gargajiya. Shafawa ake yi."

"A baki ake shafawa?"

"Daga ciki yake aiki."

Tevita ya miƙa mata cinya ɗaya. Ta dube ta, ta dube mu, ta ce, "Ku uku in an haɗa ƙwaƙwalwarku ba za ta cika wannan kwalbar ba." Ta karɓa ta rufe ƙofa. Lulu ya ce tun da yake bai taɓa ganin mace ta tsotsi ƙashi da irin wannan baƙin cikin ba.

Na karanta wa su Lulu maganar 'yan haya. Yanzu in mun sunkuya za mu shiga turereniya sai ya ce, "A gaida mai gida." Ke ba ki san yadda ciki yake ba. Duhu ne, da warin man zafi da jiƙaƙƙiyar ciyawa, da numfashin mutum goma sha shida. Ihun 'yan kallo yana zuwa daga nesa kamar kana ƙarƙashin ruwa. Akwai wani ɗan lokaci, kafin ƙwallo ta shigo, da nauyin duka ɓangarorin biyu ke tsayawa daidai a wuyana, sai in ji ba ni da nauyi ko kaɗan. Ba na jin haka a ko'ina a duniya. Shi ne nake roƙon a ƙara min shekara ɗaya a cikinsa.

A motar dawowa daga wasan arewa na yi mafarki ina kwance a kan injin, hasken yana bi ta kaina, duk inda ya wuce sai wurin ya zama gona. Ƙafafu masara, ciki kududdufi, kurciyoyin daji suna tashi daga ƙirji. Na farka Tevita yana minshari a kafaɗata mai ciwon.

Ga hoto na biyu. Koci ya ce bayan sabuwar shekara yana son mu zauna, don ya san ko zai nemi wani ginshiƙin. Ki gaya min abin da zan shiga da shi.

Aubin

Lille, jajibirin Kirsimeti

Aubin,

Gaisuwa a gurguje, da barka da biki. Lafiyata ƙalau, in ban da takardun jarrabawa da suka kai min wuya. Ɗaya daga cikin ɗalibaina ya rubuta cewa hanta tsoka ce. Ka gaya wa Tati, ita ce za ta fi jin zafin wannan.

Dusar ƙanƙara ta sauka yau, hasken taga ya yi fari tas, na jera hotunanka biyu a kai. Kamar wa da ƙane. Na Disamba ya rasa tsoka kilo ɗaya da rabi, yawanci a kafaɗu da cinyoyi, ya samu kitse kusan haka a ciki. Ƙashi ya ƙara nauyi, kuma ban taɓa ganin wuya da ƙugu masu cika irin naka ba. Na tsaya ina kallo har shayina ya huce. Akwai jikin da yake kan hanya, akwai wanda ya iso. Naka ya iso.

A taƙaice, ɗan uwa, jikinka ya ƙosa. Babu abin da za a ƙara masa. Ka shiga wurin koci da wannan.

Ka gaida masu shafa magani daga ciki.

Maylis

Lille, Fabrairu

Bijimi,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko akwai mai karɓa ba. Ni lafiya. Kai kuma na san kana raye, don na gan ka a talabijin ranar Asabar a wani gidan shan giya da ke ƙasan gidanmu, inda na shiga da sunan neman mafaka daga ruwa. Ka tura ginshiƙinsu baya kamar mai mayar da kabad mazauninsa. Mai sharhi ya ce bai taɓa ganin Dartigue yana wasa haka ba, kamar wanda gobe ba tasa ba ce. Wani tsoho a gefena ya ce, "Wannan a gonarsu ba sa sayen tarakta." Na ce masa ɗan uwana ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce to lallai shi ya cinye rabona.

Wata biyu ba wasiƙa. Ko yatsun ne suka ƙaru zuwa biyar, ko kuwa an sabunta kwantiragi ka shiga sahun manyan da ba sa rubutu? Me kuka yi da koci?

Maylis

A jirgin ƙasa daga Dax, Maris

Aubin,

Gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun, jirgin ne ke rawa. Mamarka tana lafiya, da idona na gan ta. Na je taro a Bordeaux, na ce bari in ƙarasa gona in gaishe ta.

Na same ta a kicin tana yanka kabeji. Ta sumbace ni, ta ce na bushe kamar sandar wake, ta zaunar da ni. Sai ta ce, "To, ke ce kika dawo min da shi. Na gode, ko da yake ban san ko godiya ake yi ba."

Na ce, "Dawo da wa, Tati?"

"Da yaron mana. Tun Janairu ya gaya wa kocinsu wannan ce kakarsa ta ƙarshe. Ya ce kin duba kin ce ya ƙosa."

Na ce eh, na faɗa, yabo ne. Ta ajiye wuƙar.

"Yabo? 'Yar nan, a wace makarantar?"

Ta ja ni har rumfar agwagi, babu komai ciki yanzu sai gashi da warin masara. Ta nuna min yadda take sa hannu ƙarƙashin fiffike a kwanakin ƙarshe na ɗura, ta taɓa, ta saurari numfashi. Ta ce in ta ce agwagwa ta ƙosa, ba a ƙara mata ko ƙwaya ɗaya, don ƙari kashe ta zai yi a banza. Gobe da safe sai wuƙa. Ta ce a gidan nan ba a faɗin kalmar a kan abin da zai ga wani mako.

Kakata ta bar gona tana budurwa ta auri malamin makaranta. A gidanmu 'ya'yan itace ne ke ƙosawa, da cuku, da ɗalibin da ya isa a ba shi digiri. Na yi shekara ashirin ina auna 'yan gona, ban taɓa tsayawa a rumfar nan cikin Disamba ba.

Yanzu ka saurara, zan rubuta yadda ko Lulu zai gane. Abin da ka rasa tsakanin Agusta da Disamba shi ne abin da kowane ginshiƙi ke rasawa, na gaya maka tun Satumba, kuma naka bai kai na wasu yaran ba. Bazara ɗaya za ta maido da shi. Nufina shi ne jikinka ya kai inda ake so jikin ginshiƙi ya kai, ba sai an gyara masa komai ba. Ban ga abin da zai hana ka kaka biyu ba, wataƙila uku, in kan ya yarda. Ka tashi yanzu ka je wurin koci ka ce ka janye. In yana son takarda mai hatimin jami'a zan aiko, da duk harufan da ke bayan sunana.

Kuma kai wane irin mutum ne? Waya tana aljihunka. Layi ɗaya ya isa: me kike nufi?

Muna ratsa daji, itatuwa a jere kamar an taje su, rana tana faɗuwa a tsakaninsu. Ina ta ganin kamar in jirgin ya juya ya koma da baya zai iya kai ni Disamba.

Maylis

Montbrac, Afrilu

'Yar uwa,

Ina gaisuwa da fatan kin isa lafiya. Ni ƙalau. An kwance yatsun, ɗaya ya karkace ya ƙi komawa, Lulu ya ce yanzu ina iya nuna hanya biyu lokaci ɗaya.

Na je wurin koci washegarin da wasiƙarki ta zo. Yana cin tuffa a ofis. Na ce, "Koci, maganar Janairu, kuskure ne. Agwagwa ce." Na yi masa bayani. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya daina.

Ya ce, "Aubin, ɗan gari, me ya hana ka zuwa da wuri? A Janairu shekara biyu na tanadar maka, takardar tana cikin durowar nan ka shigo ka ce ka gama. Na roƙe ka ka yi tunani, ka ce likitar danginku ta yanke. Tun Fabrairu na sa hannu da wani daga ƙasar Jojiya. Ba ni da kujera, ba ni da kuɗin kujera."

Dillalina ya buga waya ko'ina. A Afrilu kowa ya riga ya cika rumbunsa, kuma duk sun ji na ce na gama. Ba mai sayen ginshiƙin da ya ce da bakinsa ya tsage. Wani ƙaramin kulob a can gabas ya ce in zo in zauna a benci in koya wa yara. Na ce a'a. Shi ke nan, an rufe.

Na yi mako guda ina jin haushinki. Na rubuta miki wata wasiƙar, Tevita ya karanta ya ce ko alƙalin wasa ba a yi wa haka, na yaga. Kin ce me ya hana ni tambaya. A gidanmu in hannu ya taɓa ya faɗa, ba a cewa ya sake taɓawa. Ni na ce miki abin da kika ce shi zan ɗauka, na kuwa ɗauka. Rabin laifin na mai kunne ne.

Abin da ban gane ba shi ne watannin nan uku. Tunda na ɗauka wuƙa gobe ce, ban ɓoye komai don wani makon ba. Kowace turereniya na shige ta kamar ita ce ta ƙarshe, kuma lokacin nan da na gaya miki, na rashin nauyi, ya riƙa daɗewa. Wani lokaci har ina jin ƙarar ciyawa tana tsinkewa ƙarƙashin takalmina. Ban san ko da zan samu wannan a cikin shekara biyun da na rasa ba. Ba ina cewa ya biya ba. Bai biya ba. Da safe nakan farka in tuna, sai in ji kamar an cire bango ɗaya na ɗakin.

Wasanmu na ƙarshe a gida tsakiyar Mayu ne. Na ajiye kujeru biyu. Mama ba ta taɓa zuwa ba, ta ce ba za ta biya kuɗin mota don ta ga ana taka mata ɗa ba, amma ta ce in za ki zo za ta zo. Kada ki kawo takarda mai hatimi.

Aubin

Lille, ƙarshen Mayu

Ɗan uwana,

Gaisuwa, da fatan gajiyar biki ta sake ka. Na dawo lafiya, murya ce kawai ta dushe, abin da ba zan so ɗalibaina su san dalilinsa ba. Na sa Tati a jirginta, ta ƙi yarda in riƙe mata jaka.

A wurin walima ba mu samu magana ba. Mutum ɗari suna son taɓa ka, Lulu yana kan tebur yana waƙa, ni kuma abin da na zo faɗa ba ya shiga tsakanin kofi biyu. Ka ɗaga ni sama kamar buhun gashi ka ajiye, na ɗauka amsar ke nan. Duk da haka zan rubuta sau ɗaya: na ci maka shekara biyu da kalma ɗaya, kuma ba ni da inda zan samo su. Ba zan sake faɗa ba, don na san za ka fara lallashina, ni kuwa ba na so.

Abin da zan iya ba ka shi ne wannan. Na lura kai ba ka taɓa ganin turereniyarka ba, kullum kanka yana ciki. Daga sama, ranar nan, yamma ta yi sanyi bayan ruwa, kuka sunkuya kuka haɗu, sai tururi ya tashi daga bayanku kamar an buɗe tukunya. Ba a ganin fuskar kowa. Wata dabba ce guda mai ƙafafu da yawa, tana numfashi, tana tunanin inda za ta. Ta daɗe ba ta motsa ba. Sai gefen dama ya ɗan nutse, kamar mai shirin durƙusawa a coci, dabbar duka ta fara tafiya a hankali, filin kuma ya yi wata ƙara da na ji a haƙorana. Na san lambobin kowane ƙashi da ke wannan gefen. Ba su taimaka min da komai ba, ihu na yi kamar kowa.

Tati ba ta ga ko ɗaya ba. Tun busar farko ta rufe ido ta kama hannuna, duk sanda aka yi ihu sai ta ce, "Ya tashi?" In ce ya tashi. "Da ƙafarsa?" Da ƙafarsa, Tati.

Can bayan hutu aka ɗaga allo mai lambarka, uku, alamar a canja ka. Kai ba ka gani ba, kana gyara safa, sai da alƙalin wasa ya dafa ka. Ka miƙe kana waige-waige kamar wanda aka tasa daga barci a tashar da ba tasa ba. Mutane suka tashi tsaye, har 'yan ɗaya ɓangaren. Ka cire robar haƙori, ka rasa inda za ka sa ta, ka riƙe ta a hannu ka taho a hankali, laka har gira.

Na ce, "Tati, buɗe ido, an gama. Ga shi nan yana fitowa."

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallonka, kai da ka tare rabin ƙofar fita, ƙasa tana jin takunka. Sannan ta girgiza kai ta ce, "Wayyo. Yaron nan ya rame."

Na buɗe baki zan kawo mata lissafin kilo, na tuna abin da kalmata ta jawo, na rufe.

Ta ce in gaya maka ɗakinka a share yake, kuma ka taho da yunwarka.

Taka,
Maylis